UMARU NAGWAMATSE, SARKIN SUDAN NA FARKO: DAGA RIBAƊI ZUWA BIRNI

A filinmu na tarihin magabata na wannan fitowa, mun ga ya dace mu waiwayi mutumin da ya sari garin nan da muke zaune a cikinsa, wato Umaru Nagwamatse, Sarkin Sudan na farko. Da yawa daga cikinmu iyayenmu ko kakanninmu ne suka zo Kontagora, wani daga Sakkwato, wani daga Katsina, wani Kano, wani Zamfara, wani ma daga Maraɗi. Wasu fatauci ya kawo su, wasu almajiranci, wasu noma, wasu kuma aikin gwamnati. Kullum muna jin sunan Nagwamatse, ko a sunan barikin soja, ko a bakin maroƙa ranar hawan salla, amma in ka tare yaro ka tambaye shi wane ne shi, da wuya ya wuce ce maka wani sarki ne na da. To, bai kamata mutum ya haifi 'ya'ya a gari, ya aurar da su a cikinsa, alhali bai san yadda aka kafa shi ba. Tarihin wannan bawan Allah kuwa ba ya rabuwa da tarihin ganuwa da sansani, domin a cikinsu ya tashi, da su ya yi suna, da su kuma ya kafa mulkinsa.

Asalinsa da Haihuwarsa

An haifi Umaru wajen shekarar 1806. Mahaifinsa shi ne Abubakar Atiku, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda daga baya ya zama Sarkin Musulmi daga 1837 zuwa 1842. Ke nan Umaru jikan Shehu ne na kai tsaye, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello baffansa ne.

In mai karatu ya dubi shekarar haihuwar nan zai ga cewa ana tsakiyar jihadi aka haife shi. Shekara biyu kafin nan, wato a 1804, Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, aka yi yaƙin Tafkin Kwatto. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ba ta faɗi ba sai a 1808, Sakkwato kuwa sai a 1809 aka fara gina ta. Saboda haka yaron ya buɗe ido ne ya ga jama'arsa ba ta da zaunannen gari, yau ana nan gobe ana can, maza suna fita da kwari da baka, wasu su dawo wasu ba su dawo ba. Yana da kamar shekara goma sha ɗaya kakansa Shehu ya rasu a 1817. Kamar sauran 'ya'yan gidan, ya tashi tsakanin allo da sirdi, wato karatu a gefe guda, hawan doki da koyon yaƙi a ɗaya gefen.

Mene ne Ribaɗi?

Kafin mu ci gaba, sai mun tsaya mun yi bayanin ribaɗi, domin wanda bai gane shi ba ba zai gane Nagwamatse ba.

Bayan an ci manyan biranen ƙasar Hausa, yaƙi bai ƙare ba. Sarakunan da aka kora ba su haƙura ba. Katsinawa sun koma Maraɗi sun yi ƙarfi, Gobirawa suna ta arewa maso gabas, Kabawa suna ta yamma, Zamfarawa kuma yau su bi gobe su tayar. Kowace rani sai an kawo hari har kusa da Sakkwato, a kwashe shanu da mutane. Ko bayan da Muhammadu Bello ya yi babbar nasara a Gawakuke a 1836, Gobirawa sun sake haɗa kansu a Tsibiri, kusa da Maraɗi, suka ci gaba da abin da suka saba.

Dabarar da Bello ya fito da ita ita ce ya jera garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, musamman a kwarin gulbin Rima, ya zuba mutane a ciki, ya ɗora musu shugaba daga cikin 'ya'yansa ko 'yan'uwansa ko manyan almajirai. Irin wannan gari shi ake kira ribaɗi. Shi kansa Bello ya bar Sakkwato ya koma Wurno da zama, can ya rasu a 1837, can kuma kabarinsa yake. A ribaɗi akwai masallaci da makaranta da kasuwa, akwai maƙera da majema da masaƙa, an kuma ja hankalin Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya su yi noma su kiwata dawaki. Mutumin ribaɗi manomi ne da damina, mayaƙi ne da rani.

Ita ganuwa ba sabon abu ba ce a wurin Bahaushe. Ta Kano tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, a ƙarni na 12. Kanta na Kabi ya gina Surame da dutse a ƙarni na 16, har yau kufanta yana nan. Yadda ake yin ta kuwa, bayan an kawar da amfanin gona ne ake yin gayya, kowace unguwa da kowane ƙauye a yanka musu nasu rabon. Daga waje ake haƙar ƙasar, saboda haka ramin da aka bari shi ne ke zama gwalalo, a dasa masa sarƙaƙiya da sauran ƙayoyi don kada doki ya iya kusantowa. A kwaɓa ƙasa a yi tubali, a shanya ya bushe, a jera shi, gindin ganuwa da faɗi, tana hawa tana tsukewa. Ta ciki a yi badala, inda 'yan baka za su tsaya su yi harbi ba tare da an gan su ba. Ƙofofi 'yan kaɗan ake yi, matsattsu, kowace da sarkin ƙofarta, da almuru a rufe, sai gari ya waye a buɗe. Kuma ba gidaje kaɗai ake kewayewa ba, har da fili na noma da rijiyoyi, don ko an yi wa gari zobe kada yunwa da ƙishirwa su ci shi. In damina ta wuce kuma sai a sake fitowa gyara, domin ganuwar ƙasa in aka yi shekara biyu uku ba a taɓa ta ba, ruwa ya cinye ta. Inda ake sauri, ba a jira tubali, sai a sare itatuwa a kakkafa su a jere, wannan shi ne kafi, kuma shi ya sa muke da garuruwa da yawa masu suna Kafin wane.

To, a irin wannan makaranta Umaru ya yi karatunsa na mulki. Tun yana saurayi aka ba shi riƙon wani ribaɗi mai suna Gwamatse a ƙasar Sakkwato, kuma daga nan ne sunan ya bi shi, Umaru na Gwamatse, har ya zama Nagwamatse.

Saɓaninsa da Sakkwato

A 1842 Sarkin Musulmi Atiku ya fita yaƙi da Gobirawan Tsibiri, aka yi masa rauni, ya rasu a Katuru a kan hanyar dawowa. Shi ya sa ake ce masa Atiku mai Katuru. Sarauta ta koma gidan Bello, aka naɗa Aliyu Babba, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859. Daga wannan lokaci manyan gidaje biyu ne suke karɓa-karɓa a Sakkwato, gidan Bello da gidan Atiku, kuma ka san 'yan'uwantaka ba ta hana kishi in sarauta ta shiga tsakani.

Umaru ya riƙe Katuru, garin da mahaifinsa ya rasu. Nan ma ya nuna shi gwanin yaƙi ne, mutane suka riƙa taruwa a ƙofarsa. Sai dai mutum ne mai ƙarfin rai, wanda ba ya son a ja masa linzami, abin da ya sa hankalin Sarkin Musulmi bai kwanta da shi ba, har aka ɗauke shi daga can. An kuma tura shi wajen Talatar Mafara don ya sa ido a kan Zamfarawa, ya yi aikin, amma ƙarfin da ya sake tarawa ya jawo aka sake kiransa gida.

Mai karatu ya duba halin da yake ciki a lokacin. Ga mutum ya doshi shekara hamsin, jikan Shehu, ɗan Sarkin Musulmi, ya ƙware a riƙon gari da jan runduna, amma ba shi da garin kansa, kuma 'yan'uwan da ke gabansa a layin sarauta suna da yawa. Wani da sai ya haƙura ya zauna a fada yana cin tuwon gidan sarauta har ajalinsa ya zo. Shi kuwa sai ya ɗaura sirdi, ya tattara waɗanda suka yarda su bi shi, ya yi kudu.

Tafiyarsa Kudu

A shekarun 1850 ƙasashen kudancin daular Usmaniyya wuri ne na mai neman sa'a da takobi. Umaru ya je Nasarawa ya zauna tare da Makama Dogo, wanda ya kafa garin, ya taya shi yaƙe-yaƙensa. Daga nan ya shiga ƙasar Nufe, inda 'ya'yan Malam Dendo, wato Usman Zaki da Masaba, suka fito daga dogon yaƙin basasa, suka mai da Bida babban birninsu wajen 1857. Ita ma Bida, in ka bi asalinta, sansanin yaƙi ce ta zama birni, kuma babu shakka Umaru ya ga wannan da idonsa.

Arewa da ƙasar Nufe, kudu da Zamfara, gabas da Yawuri, yamma da Zazzau, akwai wata makekiyar ƙasa wadda babu wani mai tuta da ya riƙe ta sosai. Ƙasa ce mai ruwa, mai dausayi, mai duwatsu da dazuzzuka, kuma cike take da mutane: Kambari a wajajen Auna da Salka da Ibeto, Dukawa a wajen Rijau, Dakarkari a duwatsun Zuru, Kamuku a wajen Tegina da Kagara, Gwari daga Kuta har Birnin Gwari, ga Bassa, ga Gungawa a tsibiran Kwara. Kowace al'umma da garuruwanta da sarakunanta da al'adunta, manoma ne na gaske, amma ba su da sarki ɗaya da ya haɗa su. Nan Umaru ya sa ido. Ya fara kafa sansaninsa a yankin Wushishi, a bakin kogin Kaduna, kuma har yau gidan sarautar Wushishi zuriyarsa ce ta wajen ɗansa Modibbo.

Sarautar Sarkin Sudan

A 1859 Aliyu Babba ya rasu, sarauta ta dawo gidan Atiku. Wanda aka naɗa shi ne Ahmadu Atiku, wanda ake kira Zaruku, mai ribaɗin Cimmola, ɗan'uwan Umaru uba ɗaya. Nan take al'amarin Umaru ya sauya. Mutumin da a da ake yi wa kallon ɗan sarkin da ya ƙi zama, yanzu ɗan'uwansa ne ke kan gado. Ahmadu ya ba shi sarautar Sarkin Sudan.

Yara kan tambaya, wai me ya haɗa mu da ƙasar Sudan ta su Hartum? Babu abin da ya haɗa. Sudan kalmar Larabci ce da ke nufin baƙaƙen mutane, kuma da ita Larabawa suke kiran dukkan ƙasashen da ke kudu da Sahara. Abin lura a nan shi ne, suna aka ba shi, ba a ba shi ƙasa ba. Ƙasar shi zai nemo ta da kansa. Haka kuma, ko da yake tun rabon da Shehu ya yi wajen 1812 ƙasashen yamma irin su Nufe da Yawuri da Ilori suna ƙarƙashin Gwandu ne, shi Sarkin Sudan kai tsaye Sakkwato yake bi. Wannan ya sa masarautarsa ta zama daban da maƙwabtanta, kuma tana cikin na ƙarshe da aka kafa a daular, fiye da shekara hamsin bayan an raba tutoci.

Yadda ya ci ƙasar kuwa, da dabarar da ya koya a Gwamatse da Katuru ne. Zai zo wuri ya kafa sansani, a yi kafi, a haƙa gwalalo. Da rani ya fita da barade da 'yan lifidi da dakaru da 'yan bindiga. Garin da ya karɓi amana ya yarda zai riƙa biyan gandu, a bar shi da sarkinsa. Garin da ya ƙi, a yi masa zobe har ya faɗi, a kwashe mutanensa. In ƙasar da ke kewaye ta kwanta, sai ya bar ɗa ko amintaccen bara a wurin, shi kuma ya matsa gaba ya kafa wani sansanin. Da rikici ya ɓarke a gidan sarautar Yawuri, 'yan sarki suna yaƙar juna, ya shiga tsakani, kuma a ƙarshe yanki mai yawa na gabashin ƙasar Yawuri ya koma hannunsa.

Kafa Kontagora

A 1864 ne ya sari Kontagora, a ƙasar Kambari, ya mai da ita mazauninsa. Masu tarihin baka sun ce da ya iso wurin ya ga ruwa da kyawun ƙasa, sai ya umarci mutanensa su kwantar da gorunansu, ma'ana tafiya ta ƙare, kuma daga nan sunan Kwantagora ya samo asali. Ko ba komai wurin ya dace da mai irin nufinsa, domin ga kogi, ga ƙasar noma da ciyawar dawaki, ga shi a tsakiya, daga nan ana iya fuskantar Yawuri ko Zuru ko ƙasar Kamuku ko Nufe ba tare da doguwar tafiya ba.

A nan ne tarihinmu mu Hausawa mazauna garin ya shigo. Rundunar Nagwamatse ba Fulani kaɗai ba ce. Akwai Gobirawa da Zamfarawa da Katsinawa da Kabawa da Nufawa, akwai 'ya'ya akwai bayi. Kuma sansani ba ya rayuwa da mayaƙa kaɗai. Dole a sami maƙeri mai ƙera mashi da linzami, da baduku mai ɗinka sirdi da kube, da mahauci, da wanzami, da malami mai limanci da rubutun wasiƙa, da fatake masu kawo gishiri da kanwa da tufafi da dawaki. Harshen da ya haɗa duk waɗannan shi ne Hausa. Saboda haka zaman Bahaushe a Kontagora tare da garin aka haife shi, waɗanda suka zo daga baya sun tarar da 'yan'uwansu ne.

Na Cikin Ganuwa da Na Wajenta

To, a nan fa sai mun faɗi gaskiya, ko da ba ta yi daɗin ji ba, domin tarihin da aka yi wa kwalliya ba ya amfanin kowa. Ribaɗin da Bello ya tsara garkuwa ne, an yi shi don a tare mahara. Sansanin Nagwamatse kuwa wurin da hari ke fitowa ne. A wancan zamani bawa shi ne babbar dukiya. Da bayi ake sayen dawaki daga arewa, da su ake samun bindiga da albarushi daga kudu, su ake aikawa gaisuwa, su ke noma a rumada. Runduna kuma ba a biyan ta albashi, ganima take jira. Ka ga ke nan in shekara ta zagayo ba a fita ba, mayaƙa sai su watse su koma wurin wani. Wannan ya sa yaƙi ya zama kamar sana'a, kuma waɗanda suka biya kuɗin wannan sana'a su ne Kambari da Kamuku da Gwari da Dukawa da Bassa da sauransu.

Su ma ba su zauna sun naɗe hannu ba. Wasu sun kewaye garuruwansu da ganuwa, wasu sun bar gonakinsu na kwari sun hau kan duwatsu inda doki ba ya iya hawa, wasu sun shige tsibiran Kwara. Dakarkari sun kafe a duwatsunsu da kibiya mai dafi, ba a taɓa murƙushe su gaba ɗaya ba. Amma duk da haka garuruwa da yawa sun zama kufai. Manoman da suka zo daga arewa a zamaninmu suka sami daji mai faɗi ba kowa, suka yi ta mamakin yalwar ƙasa, ya kamata su sani cewa wani wurin ba don Allah bai taɓa zaunar da mutane a kai ba ne. In kana sharar gona ka ci karo da tsohon dutsen niƙa ko fasassun tukwane ko tudun da ya kewaye fili, to gidan wasu ne a da.

Wannan al'amari ba a ƙasarmu kaɗai ya faru ba. A can Birtaniya, Sarkin Ingila Edward na Ɗaya ya ci yankin Wels da yaƙi tsakanin 1277 da 1283, sa'an nan ya jera manyan gidajen yaƙi na dutse a bakin teku, irin su Konwi da Karnarfon da Harlek da Bomaris. A Konwi da Karnarfon har garuruwa masu ganuwa ya gina a jikinsu, ya zuba Ingilishi a ciki, 'yan ƙasa kuwa suna waje. A 1986 hukumar UNESCO ta sa waɗannan gine-gine cikin kayan tarihi na duniya, masu yawon buɗe ido suna ta zuwa kallo. Amma har yau akwai mutanen Wels da in sun dube su abin da suke tunawa shi ne ranar da aka ci kakanninsu. Gini ɗaya ne, amma na ciki da na waje ba labari ɗaya suke bayarwa ba. Bambancinmu da su shi ne, tasu ta dutse ce ta tsaya, tamu ta ƙasa ce ruwa ya wanke, sai abin da ya rage a zukatan mutane.

Halayensa da Rasuwarsa

Waɗanda suka gaji labarinsa daga bakin tsofaffi suna siffanta shi da jarumtaka da kyauta da kwarjini, suna cewa abin hannunsa ba ya rufe masa ido, shi ya sa mayaƙa suke barin iyayen gidansu su zo wurinsa. Kasancewarsa jikan Shehu ma ta ƙara masa daraja a idon jama'a, har ana danganta masa karamomi. Mafi shahara shi ne labarin rijiyar da ake kira Rijiyar Nagwamatse, a wajen gari, wadda ake cewa lokacin salla ne ya riske shi da rundunarsa babu ruwan alwala, ya tona ƙasa ruwa ya ɓuɓɓugo. Mutane sukan je su gan ta.

Allah Ya yi masa rasuwa a 1876, yana da kimanin shekara saba'in, shekara goma sha bakwai bayan naɗa shi Sarkin Sudan, sha biyu bayan kafa Kontagora. Ɗansa Abubakar Modibbo ya gaje shi, ya yi shekara huɗu, sa'an nan a 1880 wani ɗan nasa, Ibrahim, ya hau. A zamanin Ibrahim hare-hare sun ƙara tsanani, har Birnin Gwari ba ta tsira ba, kuma sunan Nagwamatse ya zama abin firgita daga bakin Kwara har iyakar Zazzau.

Ƙarshen Zamanin Ganuwa

Ranar 1 ga Janairu 1900 Turawan Ingila suka yi shelar cewa Arewa ta shiga hannunsu, Lugga ya zama babban kwamishina, suka ajiye soja a Wushishi, wato a cikin ƙasar da Umaru ya fara kafa sansani. A watan Janairu na 1901 rundunarsu ƙarƙashin Kanar Kembal ta ci Kontagora, wata guda bayan haka ta ci Bida. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris. Ganuwa da aka yi don tare doki da kibiya ba ta iya yi wa igwa da bindiga mai ruwa komai ba. Dabarar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana aiki a ƙasar Hausa, cikin shekara uku ta zama tarihi.

Ibrahim ya fita ya yi wajen ƙasar Zazzau, aka kama shi a 1902, aka tsare shi, amma a 1903 Turawa suka mai do shi kan gadonsa, ya zauna har ya rasu a 1929. Bayansa Umaru Maidubu ya yi sarauta daga 1929 zuwa 1961, sai Mu'azu Ibrahim daga 1961 zuwa 1974, sai Alhaji Sa'idu Namaska wanda ya shekara arba'in da bakwai, daga 1974 har rasuwarsa a 2021, aka naɗa Alhaji Muhammadu Barau Mu'azu na Biyu a wannan shekarar. Dukkansu jinin Umaru ne, dukkansu kuma da sarautar da Ahmadu Zaruku ya ba shi a 1859 ake kiransu.

Abin da Ya Bari

Sansanin da aka kwantar da gora a cikinsa ya zama babban gari, har Turawa suka taɓa yin lardi guda da sunansa, kafin a haɗe shi da wasu. Tun 1976 yana cikin Jihar Neja, kuma masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomin Kontagora da Mariga da Magama da Rijau da Mashegu da Wushishi. A Kaduna akwai babban bene da ake kira Gidan Nagwamatse. A nan gida kuma barikin soja sunansa yake ɗauke da shi, kuma abin mamaki, sojojin igwa ne suka daɗe da zama a garin, wato masu riƙe da makamin da ya kawo ƙarshen ganuwa.

Amma babban abin da ya bari shi ne mu da maƙwabtanmu. Bakambaren da kake sayen dawa a hannunsa ranar kasuwa, da Badukken da ɗanka ke aji ɗaya da nasa, da Bagwariyar da ƙaninka ya aura, kowannensu yana da labarin da kakarsa ta ba shi game da waɗancan shekaru, kuma ba irin wanda maroƙa ke faɗa ba ne. Wanda ya san haka zai iya bakinsa. Ba zai kira ɗan'uwansa da sunan raini ba, ba zai yi gorin bauta ko da wasa ba, in kuma maganar gona ta taso zai tuna wa ya tarar a wurin.

Mu ma a zamaninmu mun ɗanɗana abin da ake ji in an ɗauke mutum daga gidansa. A 2021 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai a Kagara a watan Fabrairu, suka kwashe 'yan makarantar Islamiyya a Tegina a watan Mayu, ƙauyuka da dama a Mariga da Rijau da Magama da Mashegu kuma sun sha hare-hare, mutanensu suka gudo cikin gari da 'yan ƙunshinsu. A cikin masu gudowar akwai Bahaushe, akwai Bafillace, akwai Bakambare, akwai Kamuku, tsoro bai tambayi kowa yarensa ba. Kontagora yau ba ta da ƙofar da ake rufewa da almuru. Wanda ya shigo neman mafaka, ko daga wace ƙabila yake, haƙƙinmu ne mu ba shi ruwa da wurin shimfiɗa tabarma, mu kuma taimaka 'ya'yansa su koma makaranta.

Allah Ya jiƙan Sarkin Sudan Umaru Nagwamatse, Ya yafe masa kurakuransa. Allah Ya jiƙan dukkan waɗanda suka rasa rayukansu da 'yancinsu a waɗancan yaƙe-yaƙe, waɗanda ba a rubuta sunayensu ba. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.